Mannir da Gwangwanin Gwada Rimot

Ranar da na je gaida surukina a Yashe, garin nuna ladabi na ƙi kujera, na zube kan tabarma. Sai na ji ƙas a ƙarƙashina. Rimot ɗin Baba ne! Da ya fita alwala na danna, na sake dannawa, talabijin ko gezau. Wa ke da bakin gaya wa surukinsa ya zaune masa kaya? Na jefa shi aljihu, na yi sallama a gurguje, sai Kankiya wajen Mannir mai gyara.

Mannir ɗan Sukuntuni ne. Da noma ya tashi, har yau in damina ta faɗi ba ka samunsa a rumfa sai ya dawo daga gona. Gyaran rediyo ya koya wajen kawunsa, da talabijin ta yawaita ya bi ta. Mutanen ƙauye ne suka riƙa ba shi tausayi. Rimot ya ƙi aiki, sai su ɗauro talabijin ɗungurungum a bayan babur, gargada ta fasa ta a hanya, alhali lafiyarta lau ta baro gida. Shi ne ya ciro idon wata matacciyar talabijin, ɗan baƙin abin nan mai ganin hasken rimot da idonmu ba ya gani, ya haɗa shi da ɗan jan ƙwan fitila da batirin waya, ya liƙe da dalma cikin gwangwanin madara. Na farko ƙonewa ya yi, don ya juya ƙafafun idon wajen haɗawa. Na biyu ne ke aiki har yau. Ka saita rimot ka danna, in da ransa fitila ta ƙifta.

Ya buɗe na Baba, ya mayar da batirin da ya goce, ya danna. Fitila ta hau ƙifce. Na sauke ajiyar zuciya har masu jira suka waigo.

"Mannir, ka rufa mani asiri, Allah ya rufa naka. Kai da gwangwaninka sai Makka!"

"Amin. Mi ka ce ma tsohon da za ka taho da shi?"

"Ni? Ai ban ce komai ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To Malam Dawuda, ɓarna dai ba ka yi ba, sata ka yi. Maza hau babur, Baba na can yana tuhumar jikoki."