Ranar da Nazifi Ya Latsa Kano

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Hamisu, kuma a banan ne na fara gode wa Allah da bai nuna masa wasu abubuwa ba.

Yana cikin waɗanda suka fara komowa Onitsha bayan yaƙin basasa. Ya tarar da wani a wurinsa, ya sake farawa da albasa a gefen titi. Da arzikin mai ya buɗe, kasuwancinsa ya rabu gida uku: albasa da wake a Onitsha, dankali a Inugu, shanu a Fatakwal. Kowace jiha ta miƙo hannu. Ga kuma 'yan tare hanya da katakonsu mai ƙusa, kowa da rasit ɗin da ya buga a bayan gidansu. Waɗannan ko fuskarsu Yaya ba ya kallo, ta taga yake jefa musu abin da zai jefa. Amma harajin kansa da ƙafarsa yake kai wa ofis a Onitsha, domin a nan yake kwana, kuma ya san wanda bai biya ba ba shi da bakin magana ranar rabon rumfuna. Haka ya samu rumfarsa a Kasuwar Relief.

Yanzu an kawo manhajar haraji a waya. Ba ni da ƙorafi a kanta, tambaya kawai take yi. A gabana Nazifi, babban ɗan marigayin, ya shigar da cinikin Fatakwal daban, na Inugu daban, har ta tambaye shi jihar da yake zaune. Ya latsa Kano.

Na ce, “Nazifi, yaushe rabonka da Kano?”

Ya ce, “Baffa, ka bari kawai. Wa zai bi ni can? Na sense be dis.”

Mutumin da aka yanke wa cibiya a Onitsha, wanda Ibonsa ya fi Hausarsa santsi, wanda biki kaɗai ke kai shi Kano, shi ne yau Bakano a waya. Wai wayo.

Da aka zo sabunta rumfuna, aka nemi shaidar biyan harajin jihar da kasuwar take. Ya zaro waya ya nuna. Akawun ya duba, ya ce ya tafi Kano a ba shi rumfa. Kafin ya gama zarya a kan okada, wato acaɓa, tsakanin ofisoshi, an ba wani rumfar. Har yau cewa yake manhajar ce ta rikita shi, sai ka ce ita ta riƙe masa yatsa.

Da Yaya na raye ba na jin zai yi faɗa. Kallo ɗaya zai yi masa ya ci gaba da jan carbinsa, kuma Nazifi da ya gwammace mari.

Rumfa ta tafi, shanun Fatakwal ma sun ragu. Abin da ya saura shi ne kabarin Yaya. Da ciwo ya tsananta muka kawo mota za mu kai shi Arewa, ya ce a mayar da ita, ba zai mutu a matsayin baƙo ba. Yana nan kwance a maƙabartar unguwarmu, cikin jar ƙasar Onitsha. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya shiryi masu latsawa.