Ranar da Muka Je Rido Ɗauko Jika

Makera, biyar da kwata na asuba

Ranar Talata ce muka bar gida, ni da matata Maman Rahila, a tsohuwar akori-kurata da na saya bayan an rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri. Shekara tara 'yarmu Rahila tana gidan miji a Rido ba haihuwa, sai ranar Asabar Allah ya ba ta 'ya mace. Mijinta Ishaya direban tanka ne, tafiya na gabansa, saboda haka aka shirya mu ɗauko ta ta yi jego a gida. Maman Rahila ta loda katifa da barguna biyu da fulas na kunun gyaɗa, ta shiga gaba tana rera waƙar zumuntar mata, ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba.

Ina kunna fitila na ga da matsala. Ta dama tana haske, ta hagu kuwa ja-ja kamar garwashin da ya kwana, kuma duk ramin da muka faɗa sai su ɗauke tare su dawo. Na ce a raina gari ya kusa wayewa. Amma da muka kai bakin layinmu na karya sitiyari hagu, sai hon ya ɗau kuka, bai yi shiru ba sai da na miƙe kan motar.

"Baban Rahila, na san kana murna, amma mutane na barci."

"Ban taɓa shi ba."

"To ni ce na taɓa?"

A kwana ta gaba na ɗaga tafin hannu daga tsakiyar sitiyari don ta shaida, na karya hagu, ya sake ɓarkewa. Wata mai suyar ƙosai ta ɗago mana hannu, ta ɗauka gaisuwa ce. Maman Rahila ta mayar mata, sannan dariya ta kama ta har da hawaye. Na yi dabarar bin layukan da ke karya dama kawai, sai ga mu mun wuce fanfo guda sau biyu. Daga nan na haƙura, na nufi Trikania wurin Dung, mai rewaya, wato gyaran lantarkin mota, mutumin Filato ne, mun daɗe tare.

Trikania, shida saura minti biyar

Tafiyar ba ta fi kilomita huɗu ba, amma mun yi hon sau bakwai. Mun tarar da Dung a ƙofar rumfarsa da asuwaki a baki.

"Oga Bitrus, tun daga titi nake jin ka. Biki ake?"

"Jika muka samu," in ji Maman Rahila, tun kafin ta sauko.

Ya jefar da asuwakin ya zo ya kama hannunta da hannu biyu. Sannan ya ɗaga bonet, ya ɗauko ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu da yake gwaji da shi, yana taɓa nan yana taɓa can. Fiyus lafiya, ƙwayayen fitila lafiya. Ya bi wata baƙar waya da yatsa har inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen motar, ya girgiza ta, fitilun suka yi ƙifta-ƙifta.

"Ga ta nan. Wuta tana zuwa, hanyar komawa ce babu. Dubi tsatsa."

Ya kwance notin, ya goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaure tamau. Fitilu biyu suka haske bangon maƙwabcinsa. Da muka zo kan hon sai ya ce sai an buɗe ƙasan sitiyari, aƙalla awa guda.

"Awa guda?" in ji Maman Rahila. "Jikata tana can tana girma ban gani ba."

Dung ya zare fiyus ɗin hon ya danƙa mini a hannu, ya ce in dawo da motar gobe. Muka sha koko da ƙosan ɗari biyar a tsaye, muka kama hanya shida da rabi.

Sabon Tasha, bakwai da minti goma

Cunkoson safe ya riƙe mu a kasuwa, 'yan keke suna kutsawa ta ko'ina, ni kuma ina ta danna hon da babu. Kaɗan gaba da kasuwar akwai shingen masu duba motoci. Wani jami'i dogo ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya zagaya baya.

"Baba, taka birki."

"Na taka."

"Taka da gaske."

"Ɗana, ƙafata ta kai ƙasa."

Babu jar fitila ko ɗaya. A nan ne na tuna wani aiki da na yi da hannuna shekarun baya. Wayar fitilar birki ta taɓa ƙonewa, ni kuma da yake na yi aiki kusa da masu lantarki a masaƙa, na ga ai na iya, na jona ta a kan fiyus ɗin hon. Dung bai sani ba, ni ma na manta. Na mayar da fiyus ɗin, fitilun baya suka kama, jami'in ya ce in gyara tsayuwa. Na karya hagu kaɗan, hon ya fashe a daidai gwiwarsa, mutumin ya yi tsalle har hularsa ta karkace.

Maman Rahila ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ta sauko ta ba shi haƙuri, ta ba shi labarin shekara tara ɗin nan tun daga farko. Ya yi mana barka, ya gyara hula, amma bai sake mu ba.

"Mama, hanyar nan ta tankoki ce. In kun ɗauko jaririya ba fitilar birki, mai tanka a bayanku ba zai san kun tsaya ba. In kun bar hon kuma, kun ji abin da zai yi wa kunnenta. Ku gyara, ina nan."

Dariyar ta ɗauke mana. Na tuna yadda tankokin nan ke bin mutum a baya kamar za su hau shi.

Na kira Dung, Maman Rahila ta riƙe wayar. Ya ce in kwance sukurori huɗu na murfin da ke ƙarƙashin sitiyari. Na kwanta rigingine, ƙafafuna a waje, kaina wajen birki. Wayoyi sun fi goma, duk ƙura ta mai da su launi ɗaya. Ya ce in nemi wadda ta goge. Na nema, ban gani ba.

"Juya abin a hankali in gani," in ji Maman Rahila. Shekara talatin tana kan keken ɗinki, ta san yadda zare ke maƙalewa. Na zare fiyus, na juya hagu, ta leƙo da tocilar waya. "Tsaya. Waccan siririyar, duk ka juya sai ƙarfen nan ya cije ta."

Haka ne kuwa. Robar ta cinye, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. Jami'in da kansa ya nuna mini shagon da na sayi baƙin salatif na ɗari uku. Na naɗe wayar, na janye ta gefe, matata ta yage bakin wani ƙyalle ta ɗaure ta. Muka mayar da fiyus. Hagu, shiru. Dama, shiru. Na danna, ya amsa sau ɗaya. Na taka birki, jami'in ya ɗaga babban yatsa daga baya. Maman Rahila ta yi guɗa a bakin titi, masu lemu suna kallonta.

Rido, tara saura kwata

Daga Maraban Rido muka bar kwalta mai kyau, muna hango bututun matatar mai daga gefe. Ban gama tsayawa ba matata ta buɗe ƙofa. Ni sai da Ishaya ya zuba mini ruwa da omo sau uku kafin aka yarda in shiga ɗaki.

Rahila tana zaune a bakin gado, ta rame, amma fuskarta sai wanda ya gani. "Baba, kun daɗe."

"Uwarki ce ta tsaya koyon rewaya."

Aka miƙo mini yarinyar. Ban san zan yi kuka ba. Ta kama ɗan yatsana, wanda har lokacin da baƙin mai a farcensa, ta ƙi saki. Uwar Ishaya ta kawo faten acca, na ci da hannun hagu da cokali, ba wanda ya ce mini komai.

Komawa, sha ɗaya da rabi

Rahila a tsakiya da jaririya, uwarta a bakin taga, Ishaya a baya kan katifa yana riƙe da bahon wanka. Ban wuce giya ta uku ba. A Sabon Tasha jami'in ya leƙo ya ga yarinyar, ya ce Allah ya raya. Wani mai keke ya yanko gabanmu, hannuna ya tafi kan hon, Maman Rahila ta buge shi, ta fitar da kai ta taga ta yi wa mai keken faɗa da raɗa.

Ɗaya saura kwata muka shiga Makera, matan layi sun riga sun cika tsakar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Dung, da jami'in nan da ban tambayi sunansa ba, wanda ya ƙi jin roƙonmu. Da aka kwantar da yarinyar kowa ya watse, na ce wa matata ita ma na gode.

"Ajiye godiyarka," ta ce. "Je ka faskara itace, ruwan wankan mai jego ba ya jira."