Agogon da Gwadabe Bai Gani Ba

Duk wanda ya hau keke ko babur tsakanin Karaye da Rogo a wancan zamanin ya san Gwadabe mai faci. Mutumin Tudun Kaya ne, dogo, siriri, mai faffaɗan tafin hannu da sholisho, gam ɗin faci, ya riga ya baƙanta. Bai taɓa kafa rumfa ta dindindin ba. Kasuwa yake bi. Ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan kekensa, famfo a gefe, duk inda kasuwa ke ci ya nemi gindin bishiya ya shimfiɗa buhu ya zauna. Da damina yana noman dawa da gyaɗa a gonar da ya gada, da rani kuwa faci ne ke ci da gidansa.

Abin da aka fi yaba masa shi ne ido. Akan kawo masa tayar da ta sace, wasu sun duba sun rasa dalili, shi kuwa ya juya ta sau ɗaya ya zaro ƙaya siririya kamar gashi ya ɗaga wa mai keken. Yana jin daɗin wannan yabo fiye da yadda yake nunawa. Idan ya ga malaman makaranta matasa da tabarau a fuska, yakan ce wa na kusa da shi, "Boko ta cinye musu ido tun ba su kai ko'ina ba."

Da ya haura hamsin sai abin kusa ya fara yi masa hazo-hazo. Na nesa yana ganinsa tar, yana gane mutum tun daga bakin kasuwa, amma abin da ke hannunsa sai ya miƙa shi can nesa kafin ya fito. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma neman huji da leɓe da yatsa, yana yi kamar da ido yake yi. Alƙur'aninsa ma ya daina buɗewa da safe, ya ce tilawa da ka ta fi masa daɗi. Matarsa Lantana kuwa tana lura da shi.

A farkon shekarun casa'in motoci suka ƙaru a hanyar, kafaɗun Gwadabe kuma suka fara gajiya. Ba wa tayar mota iska da famfon hannu aiki ne na mai jini a jika, direbobi kuma ba sa son jira. Amininsa na ƙuruciya, Sulle, wanda ke tuƙa akori-kura yana kai buhunan hatsi Kano, shi ya kawo masa labarin wani ƙaramin injin iska.

"Bai fi akwatin rediyo ba," in ji Sulle. "Da batirin mota yake aiki. Ka ɗaura shi a keke, ka je da shi duk kasuwar da ka ga dama. Kafin ka gama gaisawa da mutum taya ta cika."

Bayan an cire gyaɗa an sayar, Gwadabe ya bi Sulle zuwa Kano. Suka shiga layin masu kayan mota, wani mai shago ya fito musu da inji biyu ya ajiye a kan benci. Ɗaya tsoho ne, wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, fentinsa ya goge, yana da ɗan nauyi, amma agogonsa mai nuna yawan iska babba ne kamar murfin kwano, lambobinsa manya. Ɗayan sabo ne dal a kwalinsa, ja, marar nauyi, da ɗan agogo wanda bai fi kan babban yatsa ba.

Gwadabe ya ɗauki tsohon. Daga inda yake tsaye yana ganin lambobin, yana ganin allurar. Zuciyarsa ta kwanta da shi. Ya ajiye, ya ɗauki jan, ya kai shi kusa da fuska, bai ga komai a agogon ba sai fari-fari da ɗigo-ɗigo.

Mai shagon ya ce, "Gaskiya, Malam, tsohon ya fi ƙarfi, ba ya saurin zafi. Kuma wannan agogon ko mai matsalar ido zai karanta shi. Dattawa shi suka fi ɗauka."

Sulle ya tuntsire da dariya. "Kai, ba ka san wa ke gabanka ba! Wannan shi ne Gwadabe. Tururuwa ta wuce a ƙasa sai ya gaya maka ko gurguwa ce. Ka ba shi na tsofaffi? Wallahi ka zage shi."

Mai shagon ya ba da haƙuri yana murmushi. Wasu mutum biyu da ke zaune a shagon suka juyo suna kallo. Kalma ɗaya ce za ta raba shi da abin, ya ce ya fi son mai ƙarfin, ba wanda zai tuhume shi. Amma sai ya ji kamar duk shagon sun gano shi.

"A ba ni jan," ya ce. "Ya fi sauƙin ɗauka a keke."

A hanyar dawowa Sulle yana ta yaba zaɓin, Gwadabe yana rungume da kwalin a cinya, yana kallon gonaki ta taga.

Injin ya jawo masa kasuwa. Ya sayi tsohon batir, yana kai shi caji Karaye, kuma duk inda ya kunna jan injin sai mutane su taru don jin ƙararsa. Sai dai aikin ya sauya masa. Da famfon hannu, hannunsa ke gaya masa taya ta ƙoshi, domin famfon yakan yi tauri. Inji kuwa ba ya gaya wa kowa komai, sai ta agogo. Don haka Gwadabe ya koyi wata dabara. Yakan sunkuya ya zuba wa agogon ido kamar mai karatu, yana gyaɗa kai, alhali babban yatsansa na kan taya yana latsawa. Idan tayar mota ce, ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya saurara. Haka ya yi ta yi har rani ya yi nisa, ba abin da ya faru.

Wata ranar kasuwar Rogo, da hantsi, sai ga surukinsa Isyaku ya turo babur. Malamin firamare ne a Fulatan, yaro mai ladabi, shi ke auren Asma'u, 'yar farin Gwadabe. Tana biye da shi a baya, sun fito daga duba wata gwaggon mijin da ba ta da lafiya. Tayar baya ta yi sanyi.

Isyaku ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Asma'u ta tsuguna can gefe ta ja mayafi. Gwadabe ya amsa kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba, domin bai taɓa haɗa ido da surukin nan ba, 'yar tasa kuwa ko sunanta ba ya kamawa.

"Baba, da ma iska ce kaɗan, in ba damuwa," in ji Isyaku.

Gwadabe ya jona bakin injin a bawul, ya kunna. Isyaku ya matso ya riƙe babur ɗin, gwiwarsa dab da tayar. Gwadabe ya kai hannu zai latsa, ya ga zai taɓa ƙafar surukinsa, ya janye. Ya kuma tuna malamin makaranta ne a kansa, mai sanin lamba, wanda zai lura idan ya ga ana latse-latse bayan ga agogo. Sai ya kafa wa ɗan agogon ido, yana ta gyaɗa kai, injin na ta ƙara. Ya bar shi ya daɗe, don kada a ce ya yi wa nasa rowar iska. Da ya kashe, ya ce, "To, ta yi."

Isyaku ya ɗan yi jim, kamar zai yi magana, sannan ya yi godiya. Suka hau suka tafi.

Bayan azahar Sulle ya tsaya da motarsa a gindin bishiyar da Gwadabe ke zaune, bai ko kashe ta ba. "Tattara kayanka. Tayar surukinka ta fashe a gangaren nan kafin Fulatan. Shi ƙujewa kawai ya yi, amma yarinyar ta karye a hannu. Suna gidan mai ɗori."

A zauren mai ɗorin mutane sun taru, ana ta jajantawa. Wani ya ce hanya ce ba kyau, wani ya ce zafin rana ne, kowa ya ƙare da ƙaddara. Daga cikin gida ana jin muryar Asma'u tana salati yayin da ake jan hannun. Babur ɗin na jingine a waje. Gwadabe ya je ya tsuguna ya shafa tayar. Ba ƙusa, ba ƙaya. Tiyub ɗin ya tsage ne a tsaye, doguwar tsaga, irin wadda ya sha gani tun yana saurayi idan an cika iska fiye da kima.

Yana nan tsugune Isyaku ya zo, gwiwar wandonsa a yage, ya durƙusa a bayansa. Ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Baba, ku yafe mini, laifina ne. Na ga allurar ta wuce inda ya kamata, ta yi nisa sosai. Na ji nauyin in yi muku gyara a kan sana'arku. Na ce in mun fita gari zan rage, sai na manta."

Gwadabe bai juyo ba. Da yaron ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya tashi ya tura kekensa. Bai shiga ya ga 'yarsa ba.

Ya daina fita kasuwa. Ya ce zazzaɓi ne. Yana zaune a tsakar gida wata safiya, Lantana na tankaɗe, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, tun bara na san ba ka gani. Ranar da ka zuba gishiri a koko na tabbatar. Na yi shiru don kada in kunyata ka, shi ma yaron nan ya yi shiru don kada ya kunyata ka. To ga inda shirun ya kai mu. Yanzu kam na faɗa."

"Ki bar maganar nan," ya ce.

"Ba zan bari ba. Hannun 'yata ne."

Da yamma ya taka har gidan Sulle da ƙafarsa, ya ce yana son ya rage masa hanya zuwa Kano, asibitin ido. Sulle ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Likita ya ce ba cuta ba ce, shekaru ne, ya rubuta masa tabarau. Gwadabe ya dawo da shi a aljihu, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya iya sa shi a gaban mutane. Ranar farko da ya sa a kasuwar Karaye an yi masa tsiya kaɗan, kafin la'asar an manta. Wannan ma ya ƙona masa rai, ganin ƙanƙantar abin da ya yi ta gudu.

Sai da aka kwance ɗorin sannan ya iya zuwa Fulatan. Ya kai tsaba a buhu da kaza biyu. Asma'u ta fito ta kawo masa ruwa a zaure, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Ya ga wuyan hannun na hagu ya ɗan karkace, ba ya miƙewa sosai. Ya karɓi kwanon ya riƙe, bai sha ba.

"Yana ciwo?" ya tambaya.

"Sai in an yi sanyi, Baba. Ina daka da shi ma."

Ya gyaɗa kai. Ta koma ciki, Isyaku ya shigo ya zauna can bakin ƙofa, suka yi ta maganar damina da tsadar taki har aka kira la'asar, sannan suka tashi suka tafi masallaci tare, Gwadabe a gaba, surukin na bin sa a baya.