Raliatou Mai Ɗaga Gada

Raliatou ɗiyar yayana ce, Alhaji Chaibou, mai sito a Aubervilliers, gefen Paris. Tun tana yarinya a Maradi ba a barin rediyo kusa da ita, don sai ta kwance shi ta ga cikinsa. A 2005 ta zo Lyon karatun injuna, ta zauna wurina a unguwar Les Minguettes, kullum hannu dumu-dumu da baƙin mai. Da ta gama sai ta samu aiki a Paris, cikin masu kula da gadojin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa wa jirage.

Ita ta nuna mini cewa gada ma tana ba jirgin ruwa hanya. Wata ta juya gefe kamar ƙyaure, wata ta ɗaga kai ɗaya kamar murfin akwati, wata kuma a ɗaga ta ɗungurungum sama, jirgi ya bi ta ƙarƙashi. Irin ta ƙarshen nan aka damƙa mata.

Alhaji dai bai so ba. A wurinsa gadi ne kawai, ya ce ta ajiye ta zo ta riƙe masa sito. Raliatou ba ta musu da uba. Na san in ya sake faɗa za ta ajiye, ranta yana ƙuna. Sai na zo Paris na tasa shi gaba muka je wurin gadar, gani ya kori ji.

Na riga na haye, sai ga Malam Saley, aminin Alhaji, sun yi kiciɓis a tsakiyar gadar. Aka kama hannu. Ƙararrawa na kaɗawa, jar wuta ta kama, jirgin yashi na tahowa, su kuwa ko tambayar iyali ba su kai ba. Wani Bature ya yi musu tsawa, ko a jikinsu. Dattijo ya yanke gaisuwa a rabi?

Sai muryar Raliatou ta fito ta amsa-kuwwa: "Baba, ina wuni? Malam, ina gajiya? Pardon, ku ƙarasa a tudu, zan ɗaga gada."

Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ubanta, yau ta tashe shi a bainar jama'a! Suka sauka sumui-sumui. Gada ta yi sama a hankali, motoci suka yi layi, jirgi ya wuce, matuƙin ya ɗaga mata hannu. Ni kam alfahari ya cika ni, amma ina satar kallon yayana.

Can sai Alhaji ya dafa kafaɗar Malam Saley.

"Ka ji wadda ta kore mu? Ɗiyata ce. Sito kuwa, in ka san wani mai amana, turo mini shi."