Gwaggo Rekiya, Bayan Yawon Tsohuwar Unguwa

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Agusta, 1964, wani direban motar kasuwa ya tsaya a ƙofar makarantar da nake koyarwa a Dutsin-Ma. Ya ja ni gefe, ya ce Allah Ya yi wa Gwaggo Rekiya rasuwa a asibiti, can Katsina.

Gwaggo, ke ce ƙanwar mahaifina, ke kika karɓe ni ina jinjiri bayan rasuwar mahaifiyata. Ban taɓa jin kin kira ni maraya ba, ba ki kuma yarda wani ya faɗa a gabanki ba.

Shekara biyu kina aiko mini da saƙo in kawo yara Kurfi su ga unguwar kakanninsu, ina cewa sai an yi hutu. Sai a watan jiya muka zo, ni da mai ɗakina Hasana, da 'yarmu Mairama, da ƙaninta Bilya. Kashegari da safe kika ɗauki sandarki kika shige gaba. Kika nuna musu tsamiyar da dattawa ke zama a gindinta, da tsohuwar rijiyar da ta ƙafe, da marinar da kakanmu ya yi aiki, wadda ciyawar damina ta rufe. Kowane lungu kin san mai shi, kin san inda zuriyarsa ta watse.

A bakin wani kango kika tsaya. Kika ce, "Nan 'ya'yana uku suka cika cikin mako ɗaya, shekarar agana. Rabo, da Alu, da jaririyar da ba a kai ga raɗa wa suna ba."

Mairama ta ce, "Kaka, kin yi kuka?"

Kika ce, "Na yi, 'yar nan. Ina cikin kukan aka miƙo mini ubanki. Nonon jaririyar nan shi ya sha."

Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar. Ina nan tsaye, hankalina ba ya kan kowa, Bilya ya saki hannun uwarsa ya bi wani ɗan akuya cikin ciyawa. A cikinmu ke kaɗai kika san ramukan rini na marinar sun kai har wurin. Kika yar da sanda, kika yi gudun da ban san kina da sauransa ba, kika fizgo shi kika tura baya. Bakin ramin da ruwa ya jiƙa ya zabtare da ke.

Da igiya maƙwabta suka fito da ke, ƙugu a karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafa ta kumbura, muka kai ki Katsina. Kwana ashirin da shida kina fama. Ranar Lahadin ƙarshe da na zo, na durƙusa ina neman gafara, don ni ya kamata in riƙe yaron. Kika ce, "Tashi, Sabitu, ba na son shirme. Shi dai bai ji ciwo ba ko?" Na ce ko ƙwarzane babu. Kika ce, "To, alhamdu lillahi." Ban sake jin muryarki ba.

Ina yi wa dangi na Kurfi da na Birchi ta'aziyya, da matan unguwa da suka yi jinyarki. Bilya shekararsa huɗu, bai san abin da ya faru ba. In Allah Ya raya shi, da bakina zan faɗa masa.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo. Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.