Ƙyallen da Awabu Ta Hana

Duk amaryar da aka kai ɗaki a lungunan bayan babban gwata, wato magudanar ruwan unguwar Maamobi, in dai ba ta kwanan nan ba ce, to Awabu ce ta ɗinka mata labule. A nan aka haife ta, babanta mutumin Bawku ne mai sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta. Ta koyi keken ɗinki a unguwar New Town wajen wani tela Bayarabe mai saurin hannu, kuma a wajensa ta ɗauko dokarta: ɗaki launi ɗaya. In labule ruwan madara ne, to zanen gado ma ruwan madara, rigunan kujeru haka, har ɗan ƙyallen da ake rufa wa talabijin. "Ɗaki ba kasuwa ba ne," in ji ta. Ta iya aiki, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Ciwonta ɗaya, ba ta iya jure a yabi wani a gabanta.

Sai ga Suweiba, yarinyar da Awabu ta ci shinkafar sunanta, ta buɗe shagon kwantena a tsallaken gwata. Ita ba ta sayen yadi. Gida-gida take bi tana roƙon ragowar yayi, wato atamfar da mata ke ɗinkawa iri ɗaya in ana biki ko suna. Sai ta haɗa mai ganye da mai tsuntsu, ja kusa da kore, ta ratsa siririn shuɗi mai duhu a tsakani don kada su yi faɗa. Ka shiga ɗaki ka ga labule daban, matasan kujera daban, amma duk sun zauna lafiya.

"Ei! Tsumma a ɗakin amarya?" Awabu ta ce ranar da ta fara gani. "Ko mahaukacin shataletalen Circle ya fi wannan tsari." Amma in za ta kasuwa sai ta bi ta gaban kwantenar, alhali ba hanyarta ba ce, tana satar kallo ta gefen mayafi. Abin ya yi kyau, wallahi ya yi, kuma wannan shi ke hana ta sakat. Amare suka fara tsallaka gwata. Ta ce ido ne bai waye ba, ta ce asiri ne, ta ce yayi ne zai wuce. Ina! Bai wuce ba.

Ana haka aka sa ranar Shamima, 'yarta ta fari. Uwa ba ta jeren ɗakin 'yarta, kunya ce, aikin gwaggonni ne. Awabu ta san da haka, amma ta tabbata za su lallaɓo ta bayan gida su karɓi labule a wajenta, har ta tanadi leshi ruwan madara tun yarinyar tana sakandare. Sai Gwaggo Amama, ƙanwar mijinta, ta shigo tana sosa kunne.

"Yaya, kada ranki ya ɓaci. Yarinya ta ce na Suweiba take so."

"Ɗakinta ne," Awabu ta ce, ta ci gaba da taka keke har allura ta karye.

Bayan la'asar Suweiba ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa. "Mma Awabu, ina haɗa labulen Shamima. Kowa a dangi ya ba ni nasa, saura naki. Ko tafin hannu ne, ya isa."

Akwatin Awabu cike yake da yayi tun na aurenta. Amma a ce hannun wannan yarinya ya yanka zanenta, mata su yi guɗa su ce Suweiba ta iya? "Ni ba na ajiye tsumma," ta ce. "Je ki bola, akwai da yawa." Suweiba ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tashi.

Ranar ganin ɗaki uwa ba ta zuwa, sai Amama ta turo mata bidiyo a waya. Awabu ta buɗe da niyyar neman inda ɗinki ya karkace. Ba ta samu ba. Mata ne cike da ɗaki, kowacce tana dangwala yatsa a labule. "Ga na sunan Abdulai!" "Kai, wannan na auren marigayiya Wadia ne, Allah ya jiƙanta." Wata tsohuwa tana kuka tana dariya. Awabu ta yi shekaru tana ƙawata ɗakuna, ba a taɓa yi wa labulenta kuka ba.

Sai ta hango Shamima, ta ɗan ɗaga lulluɓi, tana bin labulen da hannu daga sama har ƙasa, ta juya bayansa, ta koma kan matasan kujera ɗaya bayan ɗaya.

"Anti Suweiba, wanne ne na Mma?"

Mai riƙe da wayar ta yi sauri ta karkata ta wajen firiji, amma muryar Shamima ta biyo. "Ku ɗaga na bayan ƙofa, ƙila yana can."