Na Ƙone Kayan Kaboyin Yayana

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon fili in sauke wani nauyi da na daɗe ina dako.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ba a jima da barin fam da sule ba, ni saurayi ne sabon malamin firamare a Daura. Ina da babur, ina da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, kaina kuwa ya yi girman da ƙofar zaurenmu ta kusa yi masa kaɗan. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, Yayana ne ya riƙe ni da keken ɗinkinsa. Tela ne a bakin kasuwa, yana da in'ina mai tsanani, irin wadda sai ya buga ƙafa a ƙasa kafin kalma ɗaya ta fito. Shi ya sa ya zama mai shiru-shiru, ko ciniki da hannu yake yi.

Idan ya je Kano sayen yadi yakan shiga silima. Daga nan ya ɗauko abin da na ɗauka abin kunya ne. Ya ɗinka wa kansa kayan kaboyi: falmaran ta fata mai geza, wadda ya zauna da dukawa suka yanka tare, da malafar da ya lanƙwasa gefunanta da tururin ruwan zafi, da ɗamara, da bindigar katako da ya goge da man gyaɗa har tana ƙyalli. Yau da na san darajar aikin hannu nake cewa ban taɓa ganin ɗinki mai tsafta kamar wannan ba. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya saka su ya zaga gari. Abin mamakin shi ne, da zarar ya saka, in'inar nan sai ta ɗauke ɗif. Ya gaisa da kowa, ya tsokani mahauta, ya ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe ana ta dariya. Akwai ranar da bijimi ya ƙwace a kara, mutane suka watse, shi ya wurga igiya ya zarge ƙahonsa, Fulani suna ta jinjina masa. Duk wannan na gani da idona, amma ni dariyar kawai nake ji, kuma na ɗauka da mu ake yi.

Sai na tashi neman aure a wani gidan malamai a Sandamu. Tunda babu uba, Yaya ne wakilina, shi zai nemi auren da bakinsa a gaban jama'a ranar ɗaurin aure. Wani abokina ya raɗa mini cewa masu binciken asali sun fara tambaya ko akwai taɓin hankali a gidanmu. Ban tsaya na tabbatar ba. Ranar da Yaya ya tafi cin kasuwa, da hantsi na buɗe akwatinsa, na kwashe kayan, na kai bayan gida na cinna musu wuta. Har yau in na ji ƙaurin fata sai gabana ya faɗi. Da ya dawo ya ga akwati wayam, ya dube ni, ya leƙa bayan gida ya dubi tokar. Ya koma kan keke ya ci gaba da ɗinka mini babbar rigar angonci.

Ranar ɗaurin aure na tsaya daga nesa kamar yadda ango yake yi, amma ina hangen taron. Liman ya ce wakilin ango ya nema. Yaya ya buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya jiƙa hularsa, yana bugun tabarma da hannu. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari don ɓoye dariya. Daga ƙarshe wani maƙwabcinmu ya karɓi maganar, aka ɗaura.

Da yamma Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta. Ta ce mini tun da aka sa rana Yaya yake saka falmaran ɗin nan a ƙarƙashin babbar riga yana maimaita kalmomin neman aure a gabanta, har ya iya su tsaf. Niyyarsa ya saka ta a ciki inda ba mai gani, don kada ya kunyata ni. Ya taɓa gaya mata cewa in ya saka kayan, ji yake kamar wani ne ke magana ba shi ba, shi ya sa harshensa ba ya jin tsoro. Surukina kuma daga baya ya shaida mini cewa ba wanda ya taɓa kawo masa zancen hauka, shi dai ya san Yaya a matsayin mai gaskiya a sana'a.

Na sayo fata na kai masa, na ba shi haƙuri ina kuka. Ya dafa kaina, ya yi wa almakashinsa kube da fatar. Bai sake ɗinka kayan ba, bai sake zaga gari ba.

Abin da na koya shi ne, ba duk mai shigar wani ne ke gudun kansa ba, wani ta nan yake samun hanyar fitowa. Yayana ya fi ni hankali, ya fi ni jarumta, ya nemo wa ciwonsa magani da allura da zare, ni mai takardar makaranta na ƙone shi don tsoron bakin mutane. Jama'a, in kuka ga ɗan'uwanku da wani abin da yake samun sauƙi da shi, matuƙar bai saɓa wa Allah ba, ku tambaye shi kafin ku taɓa. Yaya ya yi shekaru masu yawa bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a duk tsawonsu ban sake jin ya kira sunana a numfashi ɗaya ba.